Muzuruna da allurar insulin: yadda ake farawa ba tare da an cutar da mage ba

Ranar da likitan dabbobi ya ce min muzuruna yana da ciwon suga wallahi sai da na nemi benci na zauna, don ni duk a tunanina wannan ciwon na mutane ne. Alamun kuwa sun daɗe a gabana ban gane ba, kwanon ruwan da nake cika masa da safe kafin azahar ya ƙafe, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga ci sosai amma kullum ƙara ramewa yake, har ya fara taka ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya maimakon yatsu. Toh idan kai ma yau aka faɗa maka haka game da magenka, ga abin da na koya da hannuna. Adadin allurar insulin, wato maganin da ke sauke suga a jini, dai likitanka ne zai yanke, ni yadda za ka bi da shi a gida zan nuna maka.

Abin da nake so ya fara zama a kanka shi ne, hawan suga a hankali yake cin mage, makonni ko watanni, amma faɗuwar suga cikin 'yan awoyi take iya kashe ta. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan, yawanci yunit 1 (yunit shi ne ma'aunin insulin) sau biyu a rana, awa 12 tsakani, babbar mage wani lokaci a ba ta 2, lissafin yana kai wa kamar 0.25 zuwa 0.5 a kowane kilo, kuma da nauyin da ya kamata ta kasance ake yi ba da teɓar da ta tara ba. Na san za ka kalli ɗigon nan a cikin sirinji ka ce anya wannan zai yi wani abu kuwa. Zai yi. Ka zaɓi lokacin da ka tabbata kana gida, ni bakwai na safe da bakwai na dare na ɗauka na sa alam a waya.

Sai maganar sirinji, kuma nan ne na kusa yin asara. Insulin ba ƙarfi ɗaya ba ne. Lantus, wanda mutane ma ke amfani da shi kuma likitocin dabbobi ke yawan rubuta wa mage, U-100 ne, wato yunit 100 a kowane mililita. ProZinc da Caninsulin na dabbobi ne, su U-40 ne. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka zuƙi Lantus da sirinjin U-40 har layin 2, yunit 5 ka zuƙa ba 2 ba, ninki biyu da rabi kenan a jikin dabbar da ba ta wuce kilo biyar ko shida ba. Ni wani kemis ne ya ba ni wanda bai dace ba da nawa suka ƙare, ya ce ai duk ɗaya ne, Allah ya taimake ni na duba rubutun jikin ledar kafin na tsira masa allurar. Yawanci U-40 murfinsa ja ne, U-100 ruwan lemo, amma dan Allah kar ka tsaya ga launi, karanta lambar a kwalba ka karanta a sirinji. In ka samu ƙaramin sirinjin nan na mililita 0.3 mai layin rabin yunit ka saya da yawa, za ka buƙace shi.

Ajiya a firji ake yi, ba a firiza ba, in ya daskare ko sau ɗaya ne ka zubar. Matsalarmu wuta ce, musamman watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ni idan an daɗe ba a kawo ba nakan sa kwalbar cikin roba mai murfi in saka a randa mai ruwa a inuwa. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, in ka ga ya yi duhu-duhu ko gudaji ya lalace. ProZinc ana murza shi a hankali tsakanin tafin hannu, Caninsulin kuma takardarsa cewa ta yi a girgiza har ya zama fari kamar madara.

Tsira allurar ita ce ta fi ba mutane tsoro alhali ta fi komai sauƙi. Ka ajiye mata abinci, ka bari ka ga ta fara ci da gaske, sai ka ɗaga fatar gefen haƙarƙari ko bayan kafaɗa da yatsu biyu ta yi kamar 'yar rumfa, ka shigar da allurar ƙarƙashin fata, ka danna, shikenan. Nawa ko ɗago kai daga kwano ba ya yi. Ka riƙa sauya gefe, yau dama gobe hagu. Bayan ka zare ka shafa wurin, wani lokaci za ka ji gashin ya jiƙe, wato allurar ta huda ta fita ta ɗaya ɓangaren, ko magen ta zabura ba ka san nawa ya shiga ba. Kar ka sake. Ka jira awa 12 ɗin nan, ba abin da zai same ta don ta rasa allura ɗaya. Haka in gidan da mutane da yawa, a sa mutum ɗaya a kan aikin ko a manna takarda a ƙofar firji duk wanda ya yi ya sa hannu, kar uwar gida ta yi sannan ɗa ya zo ya ƙara.

In ta ƙi cin abinci ko tana amai kar ka ba da cikakkiyar allura, ka kira likita tukuna. In ƙin cin ya haɗu da kasala sosai da kwanciya wuri ɗaya, asibiti kai tsaye, akwai gubar da ke taruwa a jini ana ce mata kiton, ba ta jira.

Abinci fa dole ya canza. Mage mai cin nama ce, ragowar tuwo da shinkafa da burodi da muka saba zuba mata su ne ke hura wutar, har busasshen abincin nan na leda yawancinsa sitaci ne. Na gwangwani mai nama ya fi. Sai dai ka sani da zarar ka rage sitaci buƙatar insulin ɗinta na iya sauka cikin kwanaki kaɗan, don haka kar ka canza abinci ba tare da kana gwajin sugan jininta ba kuma likita ya sani.

Gwajin a kunne ake yi. Ka ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi kamar minti ɗaya, in ka haska tocila ta baya za ka ga siririyar jijiya tana bin gefen, ka sa auduga a baya ka ɗan tsira, ɗigo ɗaya ya isa. Kwanakin farko sai na yi sau uku jini bai fito ba, daga baya na gane ɗumin ne sirrin. Akwai mitar awon suga ta dabbobi mai suna AlphaTrak, in ba ka samu ba ta mutane ma tana yi, illa tana nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin mage, ka gaya wa likita wacce kake amfani da ita. Lafiyayyar mage tana tsakanin 80 da 120, mai ciwon kuma ana so ta yini ƙasa da 300, mafi ƙasan da za ta sauka ya tsaya tsakanin 80 da 150. In mitarka ƙananan lambobi take bayarwa irin 5.5, ka ninka da 18. Gwajin gida ya fi na asibiti gaskiya, don tsoro kaɗai yana ɗaga sugan mage.

Yanzu ga inda haƙuri yake shigowa. Za ka gwada da safe ka ga 380, hankalinka ya tashi, hannunka ya ce ƙara rabin yunit mana. Kar ka yi. Jikinta na buƙatar kamar mako guda kafin ya daidaita da kowane adadi, kuma ba da lambar safe ake yanke hukunci ba, da mafi ƙasan lambar yinin ake yi, wadda ke zuwa wajen tsakiyar allurai biyu. Shi ya sa bayan mako ɗaya ko biyu ake ware rana a gwada duk awa 2 zuwa 3 daga allurar safe har ta dare, a rubuta a littafi tare da abin da ta ci da ruwan da ta sha da nauyinta, a kai wa likita. Wani lokacin ma lambar safe ta hau ne saboda sugan ya faɗi da dare jiki ya mayar da martani, ka ga in ka ƙara allura a nan ka ƙara rami ne. In za a ƙara ma rabin yunit ne ko ɗaya.

Zuma ta zauna kusa da sirinjinka kullum. In ka ga tana tangaɗi, jiki na rawa, ido ya kafe, ko mita ta nuna ƙasa da 60, in tana iya ci ka ba ta abinci nan take, in ba ta iya ba ka lakaci zuma da yatsa ka goga a dasashinta, kar ka ɗura mata ruwa a baki za ta shaƙe, sannan ka ɗauke ta zuwa likita ko da ta farfaɗo, insulin ɗin yana nan yana aiki. Allura ta gaba kuma sai abin da likita ya ce.

Wani dalilin da ya sa ba a daina gwaji shi ne mage da yawa, in an kama ciwon da wuri aka gyara abinci, jikinsu kan dawo yana sarrafa suga da kansa cikin watannin farko har a dakatar da allura. Ranar da hakan ya fara, adadin jiya ya zama ya yi mata yawa, kuma mita ce kawai za ta gaya maka. Nawa a wata na uku na ga 95 kafin allurar safe, na mayar da sirinjin cikin leda na kira likita.