Yadda Ake Koya wa 'Yan Aji Ɗaya Haɗa Baƙi Ba Tare da Amshi Ya Yaudare Ka Ba

Sabon malamin aji ɗaya yakan rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, ya ɗauki sanda yana nunawa, yara su amsa da murya ɗaya har ajin da ke maƙwabtaka ya ji, shi kuma ya tashi yana murna cewa darasi ya shiga. Sai ƙarshen zango ya zo, a kira yaro shi kaɗai a nuna masa "bo" a tsakiyar takarda, ya tsaya yana kallon sama, leɓɓansa na motsi, yana ƙirgowa daga "ba" ko zai iso wurin. Wannan yaron waƙa ya haddace, karatun aku. Na ga malamai masu ƙwazo da yawa sun faɗa wannan rami, kuma dominsu nake rubutun nan. Ba zan tsaya kan tsara darasi da cike rajista ba, an koya maka su a kwaleji.

Mataki na farko: ka ajiye baƙaƙen tukuna

Makonni biyun farko na koyon zaman aji ne. Ɗan shekara shida bai zo da sanin yadda ake ɗaga hannu, ko shiga layi, ko neman izinin fita banɗaki ba. Duk waɗannan darussa ne, kuma ana koyar da su kamar kowane darasi: ka nuna, su gwada, ka gyara, su sake. Ka zaɓi alama ɗaya ta yin shiru, ka riƙe ta har ƙarshen shekara. Ni tafi uku nake yi, su mayar mini da uku, hannuwa su sauka kan tebur. Kada ka yi magana sai shirun ya cika, ko da za ka tsaya minti guda kana jira. Malamin da ya saba ɗaga murya a kan surutu, kafin wata na biyu muryarsa ta dishe, yaran kuma sun koyi cewa ana iya hira yana magana.

Fensir ma kada ka bari a fiƙe shi ana tsakiyar darasi. Ka ajiye gwangwani biyu, ɗaya na fiƙaƙƙu, ɗaya na waɗanda suka karye, yaro ya musanya ya koma ya zauna. Abin kamar ƙarami ne, amma layin fiƙe fensir shi ne wurin hirar aji ɗaya.

Mataki na biyu: kunne kafin ido

Kafin yaro ya gane cewa alamar da ke allo tana wakiltar sauti, sai ya fara jin cewa kalmar da ke bakinsa a haɗe take da ƙananan sautuka. Wannan ba ya buƙatar alli. Ku tafa gaɓoɓin sunayensu. Ka ce "rana, rago, riga", ka tambaya da me suka fara. Ka ce "sss...aaa...mmm...aaa" a hankali, su gano kalmar. Minti biyar kowace safiya ya isa, amma kullum. Kwamitin binciken karatu na ƙasar Amurka, a rahotonsa na shekarar 2000, ya sa wannan jin sautuka a sahun abubuwa biyar da karatu ya dogara a kansu, tare da sanin sautin baƙaƙe, da karatu ba gargada, da tarin kalmomi, da fahimta. Sababbin malamai sukan tsallake shi don yana kama da wasa, kuma babu abin da za a nuna wa shugaban makaranta a littafin yaro.

Mataki na uku: baƙaƙe kaɗan, kuma ba bisa jerin abacada ba

Kada ka fara daga a ka nufi z. Jerin abacada yana da amfani ranar da za a buɗe ƙamus, amma yana sa b da d kusa da juna, kuma su ne yara suka fi rikitawa. Ka fara da wasali a, sai m, s, n, sannan i da u. Dalilina shi ne ana iya jan waɗannan sautuka ba tare da numfashi ya yanke ba, kuma da waɗannan shida kaɗai yaro zai karanta sama, suna, nisa, mama. Baƙi biyu ko uku a mako ya wadatar.

Ka koyar da sautin tsurarsa. Idan ka nuna s, ka ce "sss", kada ka ce "sa". Wannan ƙaramin wasali da malamai ke liƙa wa baƙi shi ne tushen rabin wahalar da ke gaba, domin yaron da ya koyi s a matsayin "sa", ranar da ka ba shi s da u zai ce maka "sa-u", kuma da gaskiyarsa.

Ba sai ka sayi manyan hotunan bango masu tsada ba. Kwalin da aka yar, da almakashi, da alƙalamin maka mai kauri sun isa. Ka yanka katuna kamar faɗin tafin hannu, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani. Hotunan da ake sayarwa ma suna da nasu aibin: yaro yakan kalli hoton ya faɗi sunansa, bai ko duba baƙin ba.

Mataki na huɗu: haɗawa

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan zan daɗe.

Ka riƙe katin s a hannunka da ke daidai da hagun yaran, katin a kuma a ɗaya hannun, da tazara tsakaninsu. Ka lura, kana fuskantarsu, saboda haka hagunsu damanka ne. Malamai da yawa sukan haɗa katunan a juye ba su sani ba. Ka fara jan "sss", kana matso da katin a hankali, kada ka yanke sautin har ya taɓa ɗan'uwansa ya zama "sssaaa". Sannan ka faɗe shi da sauri: sa. Sirrin yana cikin rashin yankewar. In ka ce "s", ka tsaya, ka ce "a", yaro ya manta na farko kafin na biyu ya iso, sai ya ba ka "a" kawai ko ya yi ta canka.

Bayan ka nuna sau biyu ko uku, ku yi tare. Amshin aji gaba ɗaya yana da wurinsa a nan, domin yana ba mai kunya damar motsa baki ba tare da ido ya yi masa yawa ba. Amma ka san abin da yake ɓoyewa. A kowane aji akwai yara huɗu ko biyar masu kaifin ido da ƙarfin murya, su ne suke karantawa, sauran suna biye da su da tazarar ƙiftawar ido. Kunnenka ba zai kama wannan tazara ba, sai idonka. Ka matsa gefen allo ka kalli fuskoki. Wanda yake karatu idonsa na kan katin. Wanda yake bi idonsa na kan bakin maƙwabcinsa, ko kan taga, bakinsa kuma yana buɗewa a makare. Akwai ma wanda ya ƙware, yana motsa leɓe daidai ba sauti ko kaɗan.

Maganin farko shi ne ka kashe jerin. Daga ranar da suka san wasula uku, kada ka sake nuna sa, si, su a jere. Ka nuna "su", sai "ma", sai "si", sai "nu". Ranar farko ajin zai yi tsit, ka ji kamar duk aikinka ya rushe. Bai rushe ba, yau ne ka fara jin ainihin abin da suka iya.

Na biyu, ka hana masu sauri kwace amsa. Ka ɗaga kati ka ce, "A karanta a zuci, kada wanda ya faɗa." Ka ƙirga uku a ranka, sannan ka ba da alama. Wata malamar kimiyya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, yaran da ke amsawa sukan ƙaru, amsoshin kuma su yi tsawo. Daƙiƙa uku a gaban yara masu zumuɗi suna da tsawo fiye da yadda kake zato, za ka ji bakinka na ƙaiƙayi. Ka daure.

Na uku, ka riƙa rage masu amsawa: aji duka, sai layi ɗaya, sai benci ɗaya, sai mutum ɗaya. Kuma kada ka kira masu ɗaga hannu kaɗai, waɗanda ke miƙewa suna "Malam ni! Malam ni!" Ka rubuta sunan kowa a ɗan tsinke ko guntun kwali, ka zuba a gwangwani, ka zaro. In yaro ya kasa, kada ka tsallaka wurin wani ka bar shi da kunya, kuma kada ka bari aji ya faɗa masa. Ka matso kusa ka ce, "Wane sauti ne wannan? To ja shi. Kada ka sake shi, kai shi wurin wancan." In har ya gagara, ka faɗa masa da kanka, ya maimaita, sannan bayan yara biyu ko uku ka dawo masa da katin nan dai. Dawowar ita ce darasin. Da yawa sukan manta da ita.

Akwai wata dabara da wasu malamai ke ƙi, ni kuwa ina ganin dole ce: kalmomin da ba su da ma'ana. Ka haɗa "nusi" ko "simu" ka ba yaro. Ba zai iya cankar su ba, ba zai iya tuno su ba, sai dai ya karanta. A Ingila, tun shekarar 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne, saboda wannan dalili. Sai dai ka gaya wa yaran tun farko cewa sunayen dodanni ne ko wani abu makamancin haka, kada su yi ta neman ma'ana, kuma kada su wuce biyu ko uku a zama ɗaya.

Kada ka matsa zuwa gaɓa mai rufi, irin "san" ko "kar", sai yawancin ajin suna haɗa baƙi da wasali ba tare da jan sauti ba. Manhaja za ta ce ka wuce, jadawalin zango zai ce ka makara. Sannu ba ta hana zuwa. Mako biyun da ka ƙara a nan za ka fanshe su gaba, domin yaron da ya gane yadda ake haɗa s da a ba sai an sake koya masa haɗa k da o ba.

Mataki na biyar: abin da aka karanta a rubuta shi a ranar

Shifta ta minti biyar a ƙarshen darasi. Ka faɗi "mu", kowa ya rubuta a ƙaramin allonsa, ka ce a ɗaga, ka ga aji duka da kallo ɗaya. Ƙananan alluna sun fi littafi a wannan mataki, don gogewa ba ta barin tabo kuma yaro ba ya tsoron kuskure. In babu su, bayan tsohuwar takarda ma ya yi. Kwafar allo shafi guda ba rubutu ba ne a wurina, zane ne, kuma yaron da bai iya karanta ko gaɓa ɗaya ba zai iya cika maka shafi da kyakkyawan hannu. Juya b ta zama d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. Ka gyara ba tare da ka tayar da hankalin iyaye ba.

Mataki na shida: minti ɗaya da kowane yaro

Yayin da sauran ke rubutu, ka kira yara biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta maka gaɓoɓi goma a cakuɗe. Ka sa alama a gaban sunansa: ya san sautuka, yana haɗawa da ja, ko yana karantawa kai tsaye. Cikin kwana bakwai ko takwas ka zagaye aji mai yara arba'in. Waɗanda suka tsaya wuri ɗaya ka dawo da su gaba, ka ba su minti goma nasu na daban. Kafin ka yanke cewa yaro ba ya ganewa, ka duba ko yana ƙanƙance ido in ya kalli allo, ko yana juyo da kunne ɗaya in kana magana. Irin wannan, iyayensa za ka gaya wa su kai shi a duba.

Sauran matakan

Daga nan abin yakan tafi da kansa. Ka shigo da sauran baƙaƙe, ka raba b da d da aƙalla mako uku, ka bar masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai 'yan'uwansu sun zauna, sannan tagwaye irin sh da ts da kw. Gajerun jimloli su fara da wuri, da kalmomin da aka gina daga baƙaƙen da suka sani kaɗai, kuma bayan kowace jimla ka tambayi me ta ce. Ka karanta musu labari kullum da bakinka, wanda ya fi ƙarfin karatunsu, don nan kalmomi suke ƙaruwa. Aikin gida kada ya wuce katuna biyar da yaro zai karanta wa wani babba, kuma ka aika da saƙo cewa a riƙa cakuɗa katunan kafin a nuna masa, in ba haka ba jerin da ka kashe a aji zai dawo maka daga gida.