Kurakuran da Sababbin Manajojin Sayar da Sinadarai Suka Fi Yi

Wanda aka ƙara wa girma daga ɗan talla zuwa manajan sashen sayarwa a kamfanin rarraba sinadarai yakan taho da tsohuwar ɗabi'arsa ta ƙidaya tan nawa ya fita daga ma'ajiya, kuma wannan ne kuskuren da ya fi jawo asara. Kamfanoni irin su Brenntag na Jamus da Univar na Amurka ba su ne ke sarrafa yawancin kayan ba. Sari suke yi daga masana'antu, su adana, su ɗura a ganguna, su kai wa masu buƙata, abincinsu kuwa yana cikin 'yar tazarar da ke tsakanin kuɗin sari da na sayarwa. Idan aka sayar da tanka guda da rangwame, aka kuma ba da bashin kwana 90, kuɗin dako da na ajiya da jiran biya sukan cinye ribar ƙurmus. Gyaran shi ne a lissafa kamashon ma'aikata bisa ribar da ta rage da kuɗin da ya shigo hannu.

Na biyu shi ne rashin sanin halin kaya. Kowane sinadari mai haɗari yana da takardar bayanin kariya mai sashe 16, bisa GHS, wato tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na bayyana haɗarin sinadarai, amma manajoji da yawa ba su taɓa karanta ko guda har ƙarshe ba. Ruwan bilic ƙarfinsa yana raguwa idan ya daɗe, musamman a wuri mai zafi, saboda haka manajan da ya lallaɓi mai saye ya kwashi na wata shida don a cika adadin da aka yanka wa sashensa, ƙorafi ya tara wa kansa. Kastik soda tana zuƙar danshin iska ta dunƙule idan buhu ya huje. Bilic da asid kuwa, in suka gauraya, iskar kulorin mai guba ce ke tashi. A ganina, duk sabon manaja ya kamata ya yi 'yan makonni a ma'ajiya tare da masu lodi kafin ya zauna a ofis.

Akwai kuma ɗokin sabon ciniki. Wasu sinadarai, kamar asetik anhaidiraid da ake karkatarwa zuwa haɗa hodar heroyin, suna ƙarƙashin sa ido tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi. Baƙon da bai yi tayi ba, yana son biya da tsabar kuɗi, kuma ya kasa faɗin abin da zai yi da kayan, a dakatar da cinikinsa har sai an ga takardunsa da masana'antarsa.

Daga ƙarshe, wasu manajojin sukan riƙe manyan abokan ciniki su kaɗai, su bar na ƙasa da su da ragowa. Ya fi kyau manaja ya raka ɗan tallansa wurin mai saye, ya bar shi ya yi magana, sa'annan su tattauna abin da ya faru a hanyar komawa.