Yadda za ka ba da gidanka na Dubai hayar kwana-kwana ba tare da ka taka doka ba

Takardar mallaka ta mai da kai mai gida, amma ba ta mai da kai mai masauki ba. Nan mutanenmu da yawa ke tuntuɓe: mutum ya sayi ɗakuna biyu da falo a wani dogon bene, dillali ya cika masa kunne da lissafin Airbnb, shafin intanet na hayar kwana-kwana, sai ya ɗauka daga karɓar makulli sai ƙirga dirhami. A idon hukumar Dubai, saukar da baƙo na kwana uku don kuɗi sana'ar otal ce, kuma tana da dokarta tun 2013.

Mataki na farko tun kafin ka biya ko sisi ne. Ɗan ƙasar waje ba ya mallakar gida a ko'ina, sai a unguwannin da aka keɓe, irin su Dubai Marina, Business Bay, Palm Jumeirah da Jumeirah Village Circle. Hukumar filaye ta Dubai ce ke ba da takardar mallaka, tana karɓar kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gidan. Idan ginin bai kammala ba, abin da ke hannunka rajistar wucin gadi ce da suke kira Oqood, kuma ba ka da abin da za ka saukar da kowa a ciki. Ka kuma nemi ƙa'idojin benen a rubuce, ka tambayi masu kula da shi yadda suke yi da baƙin kwana. Maigadin da ke ƙasa yana bin umarninsu ne, ba naka ba.

Na biyu, ka zaɓi hanya: ko ka yi rajista da kanka a matsayin mai gida, abin da aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane tun 2016, ko ka miƙa wa kamfani mai lasisi ya riƙe maka, ya cire kasonsa. In kana zaune a Kano ko Maraɗi, ni dai shawarata kamfani. Ka tuna yadda aka rufe wa 'yan Najeriya biza daga ƙarshen 2022 har tsakiyar 2024. Wanda ya ce zai riƙa leƙawa da kansa duk wata, sai ya koma kallon gidansa a hoto. Amma ka karanta yarjejeniyar layi-layi: wa zai biya tara idan aka yi sakaci, yaushe ake turo kuɗi, kwana nawa za ka iya zama a gidanka, kuma yaya ake rabuwa.

Na uku shi ne izini. Ma'aikatar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai ke bayarwa ta intanet, kowane gida da nasa, ana sabuntawa duk shekara. Za a nemi takardar mallaka, fasfo ko katin zama, da takardar wuta da ruwa ta DEWA. Ejari, wadda dillalai ke yawan ambata, rajistar hayar shekara ce, ba za ta tsaya maka a nan ba. Lambar izinin kuma ita za ka sa a tallarka.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Izinin na gida ɗungurungum ne, ba ɗaki-ɗaki ba, balle gado-gado. Mun san halinmu: 'yan Kantin Kwari huɗu sun zo sari, wani ya ce ai Alhaji yana da gida, a shimfiɗa katifu a falo, kowa ya ba da nasa, an gama magana a WhatsApp. A wurinmu taimakon juna ne. A wurinsu masauki ne marar rajista, kuma tarar tana kai dubban dirhami. Maƙwabcin da ya gaji da hayaniyar akwatuna cikin dare ba sallama zai yi maka ba, waya zai ɗauka.

Na huɗu, kowane baƙo sai an shigar da bayanan fasfonsa a tsarin ma'aikatar, shigarsa da fitarsa. Sannan akwai kuɗin da ake kira dirhamin yawon buɗe ido: dirhami 10 ga kowane ɗakin kwana a kowane dare a gida mai matsayi na gama-gari, 15 a na alfarma. Daga baƙo ake karɓa, a miƙa wa hukuma wata-wata. Amana ce a hannunka, kada ka haɗa ta da ribarka.

Na biyar, haraji. Hayar kwana-kwana tana cikin abin da harajin VAT na kashi 5 ke hawa, kuma ga mazaunin Daular Larabawa rajista ta zama dole idan cinikin shekara ya wuce dirhami 375,000. A gida ma ba ka kuɓuta ba, domin mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu har a waje. In kuwa ma'aikacin gwamnati ne kai, gidan yana cikin kadarorin da za ka bayyana wa hukumar ɗa'ar ma'aikata.

Idan wani zai sa hannu a madadinka, baki ba ya wadatarwa, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Takardar wakilci za ka yi, ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancin Daular Larabawa, a can kuma a sake tantance ta, a fassara ta zuwa Larabci. Ka taƙaita ta ga kula da haya, kada ka bari kalmar sayarwa ta shiga ciki.

Kada kuma ka ɗauki wannan ka tafi da shi wata ƙasa. A Tailan, hayar da ta gaza kwana 30 tana bukatar lasisin otal. A Landan dare 90 kawai aka yarje maka a shekara kafin ka nemi izini na musamman. A Turkiyya kuwa, tun 2024, a yawancin benaye sai duk masu gidajen sun amince kafin ka saukar da baƙo ko ɗaya.