Darasi na Bakwai: Man Ƙamshin Jamanda da Abin da Ke Cikinsa

Jamanda ɗan gajeren tsiro ne na daji, mai ɗaci, ɗan uwan na'ana'a. Masana suna kiran danginsa Teucrium, kuma yana da nau'i kusan 300, mafi yawansu a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Akwai wanda Larabawa ke ce wa ja'ada. Idan ka murza ganyen, ƙamshin da ka ji na wani mai ne da ke cikin ƙananan gashin da ke jikinsa.

Yadda ake fitar da man

Ana yanko ganye da fure lokacin da tsiron ya yi huda. A shanya a inuwa, domin rana tana korar sinadarai marasa nauyi tun ba a fara aiki ba. A auna giram 100 na busasshen ganye, a zuba a tukunyar gilashi mai cin lita 2, a ƙara ruwa lita 1. A tafasa na awa 3. Tururi zai ɗauko man ya bi ta bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi, ya koma ruwa, sai man ya taso sama. Kada ka sa ran da yawa. Sau da yawa bai kai mililita 1 ba.

A nan ake yawan kuskure. Wuta in ta yi yawa, ganyen ƙasa ya ƙone, man ya yi ƙauri. Ruwan bututu in ya yi ɗumi, tururi ya tsere da man. Wanda kuma ya kashe wuta bayan awa 1 ya bar sinadarai masu nauyi a tukunya, sakamakonsa ba zai nuna ainihin abin da ke cikin tsiron ba. Man da ya yi gurɓi-gurɓi akwai sauran ruwa a cikinsa, sai a tsotse shi da busasshen gishirin sodiyom salfet. A adana a kwalba mai duhu, a toshe sosai, a sa a firiji mai sanyin digiri 4.

Me ke cikinsa?

Man ba abu ɗaya ba ne, haɗin sinadarai ne da dama. Wata na'urar ɗakin gwaji mai suna GC-MS ce ke rarrabe su, ta faɗi sunan kowanne da kasonsa. Gida biyu ne suka fi yawa. Na farko monotafin, masu ƙwayar kabon 10, masu saurin tashi. A cikinsu akwai alfa-finen da beta-finen, da limonen wanda ke cikin ɓawon lemo. Na biyu seskwitafin, masu kabon 15, kamar jamakiren D da karyofilen, wanda ake samu a kanumfari ma.

Kason nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nau'i guda da aka tsinko a tudu da a kwari, ko kafin fure da bayansa, yana iya ba da mai iri biyu. Shi ya sa dole a rubuta wuri da ranar tsinka a jikin kwalba. Karyofilen kuma in ya sha iska yakan rikiɗe ya zama karyofilen oksayid, don haka yawan wannan na iya zama alamar man ya daɗe a buɗe.

Abin da gwajin man ba ya nunawa

Wannan a kula da shi sosai. A ganyen nau'in Teucrium chamaedrys akwai wani sinadari mai suna tiyukirin A, daga gidan masu kabon 20. Ya yi nauyi, ba ya bin tururi, saboda haka ba a ganinsa a jerin sinadaran man, amma yana nan a ganye da abin da aka jiƙa. Hanta ce ke juya shi ya zama guba da ke lalata ita kanta. A Faransa mutane sun sha wannan ganye don rage ƙiba, ciwon hanta ya kama su da shawara, har aka hana sayar da shi a 1992. Takardar gwajin mai ba izinin shan ganyen ba ce.