Romon tumatir mai ɗumama jiki a lokacin sanyi

'Yan uwa, duk wanda romon tumatir ke yi masa tsami, ya gwada gasa tumatirin kafin ya kai shi tukunya. A raba kilo 1 na nunannen tumatir gida biyu, a haɗa da albasa babba 1 da tafarnuwa, a yayyafa mai cokali 2 da gishiri, a sa a oba mai zafin digiri 200 na kamar minti 35, har bakinsa ya soma yin duhu. Wuta tana janye ruwan, zaƙin tumatirin ya fito da kansa. Marar oba ya soya a kasko a hankali, sai dai yana son haƙuri.

Daga nan a markaɗa, a zuba ruwan nama ko ruwa zalla kofi 2, ya tafasa minti 10. In ana son ya yi santsi, a tace.

Inda aka fi samun kuskure shi ne wajen madara. Idan aka zuba ta romo na tafasa, tsamin tumatir yana sa ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji. A sauke tukunna, a ɗan ɗumama madarar, sannan a zuba ana juyawa. Ni dai ban cika sa sukari ba, karas 1 nake gasawa tare, ya ishe ni kashe tsamin.

A guji tukunyar alminiyon, tana ba shi ɗanɗanon ƙarfe. Abin da ya rage yana kwana 3 a firji.