Yadda Ake Gano Yoyon Indararo a Gyara Shi

Idan mai gida ya ga ruwa na tsiyaya daga indararo, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya aika a sayo gam a liƙe. Alhali sau da yawa babu huda ko ɗaya. Ko dai shara ce ta toshe hanya ruwa ya tumbatsa, ko indararon ne ya lotsa a tsakiya, ko kuma ruwan ma bai shiga cikinsa ba, ta bayansa yake sulalewa. Duk waɗannan gam ba ya yi musu magani. Saboda haka a wannan aiki bincike ne kan gaba, liƙi kuwa sai can ƙarshe, in ma an buƙace shi.

Indararon da nake nufi shi ne dogon kwarin nan na ƙarfe, ko na roba, ko na siminti, da ke bin bakin rufi yana tare ruwa, haɗe da bututun da ke sauke ruwan ƙasa. Aikin da yake yi ba ƙarami ba ne. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ke nan rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 2,000 zai zubar, wato nauyin tan 2. In wannan ruwa ya rasa hanya, bango ne zai sha shi. Filasta ta riƙa ɓarewa, katakon bakin rufi ya ruɓe, ƙasar gindin gini ta jiƙe ta yi laushi, a hankali tsaga ta ɓullo a bango.

Kafin ka taka tsani

Ka kafa tsani a ƙasa mai tauri wadda ba ta karkace ba. Duk mita 4 na tsawo, gindin tsanin ya nisanci bango da mita 1. Kada ka jingina shi a jikin indararon, domin zai lanƙwasa na ƙarfe, ya fasa na roba. Wani ya riƙe maka a ƙasa, ka duba inda wayar lantarki ta bi kafin ka ɗaga tsanin ƙarfe, ka kuma sa safar hannu saboda kaifin bakin kwano. Idan hannunka bai kai wani wuri ba, sauko ka matsar da tsanin, kada ƙiwa ta sa ka miƙa jiki gefe. Gidan bene kuwa, bar wa masu kayan hawa.

Da farko, gano ta ina ruwan ke fita

Babu mai nuna maka laifin indararo kamar ruwan saman kansa. Ana tsaka da ruwa ka ɗauki lema ka tsaya a ƙasa ka kalla. Idan ruwa na malalowa ta bakin gaba kusa da bututu, toshewa ce. Idan a tsakiya yake tumbatsa, nesa da bututu, wurin ya lotsa. Idan ɗigo ne daga waje guda, kuma ya ci gaba da ɗiga bayan an ɗauke ruwa, to mahaɗa ce, wato inda aka haɗa sassan indararo biyu, ta saki ko huda ce, kuma akwai ruwa kwance a ciki. In kuwa tsakanin indararo da katako yake zubowa, matsalar tana bakin rufi.

Da rani ma alamu ba sa ɓuya: baƙin zane ko gansakuka a bango, fentin da ya kumbura, ɗan ramin da ɗigo ya haƙa a ƙasa. Sai ka ɗauki tiyo ko bokiti, ka zuba ruwa a hankali daga ƙarshen da ya fi nisa da bututu, wani yana ƙasa da alli yana sa alama. A nan ne mutane ke ruɗuwa, domin ruwa kan bi ƙarƙashin indararo ya yi ɗan tafiya kafin ya ɗiga. Inda ya ɗiga ba lallai nan ne ya fito ba. Bi sawun jiƙar da yatsa, kana komawa ɓangaren da ya fi tudu, har ka kai inda ta fara.

Na biyu, kwashe shara

Ko me ka gano, sai ka share kafin komai. Ganye, ƙura, sheƙar tsuntsu, leda, duk suna taruwa su zama laka. Lakar nan ɓarna biyu take yi: nauyinta na jan indararo ƙasa, danshinta kuma na cin ƙarfe a hankali. Ka fara kwasa daga bakin bututu kana ja baya, don kada ka tura dattin cikinsa. Ƙaramin cebur na roba ya fi na ƙarfe, saboda ba ya kankare fentin da ke kare kwanon.

Bututun sauka kuwa, ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba daga sama zuwa ƙasa. Inda babu komai zai yi amo, inda ya cushe za ka ji sautin ya dushe. Galibi a gwiwa yake cushewa, wato inda ya lanƙwasa. Kwance gwiwar, ka zura waya ko tiyo daga ƙasa ka turo dattin. Idan bututun yana shiga magudanar da aka binne, cire shi daga nan tukuna, kada ka mayar da toshewar inda sai an yi haƙa. Ka gama da sa 'yar ragar waya a bakin bututun. Ragar da ake rufe dukan indararo da ita tana tare ganye, amma ƙura na wucewa, don haka ba ta ɗauke maka shara ba, rage ta kawai ta yi.

Na uku, duba gangara

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne silar yoyo da yawa. Bayan ka share, zuba bokitin ruwa ka jira. Ya kamata ya wuce ya bar danshi kawai. Duk inda ya kwanta, nan ne lotsawar take. Ruwan da ya kwanta shi ke matsa wa mahaɗa har ta saki, shi ke kawo tsatsa, ga kuma sauro, wanda kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Gangarar da ake so kaɗan ce, milimita 2 zuwa 3 a kowace mita. Indararo mai tsawon mita 10 zai sauka da santimita 2 zuwa 3 ke nan a wajen bututu. Buga ƙusa a ƙarshen da zai zama tudu, ka ja zare zuwa wajen bututu, ka daidaita shi da lebur, wato ma'aunin magina mai nuna daidaito, sannan ka sassauko da bakin zaren gwargwadon lissafin da ka yi. Kwance mariƙan da suka kauce wa zaren, wato abubuwan da ke riƙe indararo a jikin katako, ka mayar da su kan layi. Tazarar da ke tsakanin mariƙi da mariƙi kada ta wuce mita 1, kuma inda ake ruwa mai ƙarfi santimita 60 ta fi. Kowace mahaɗa ta samu mariƙi kusa da ita.

Kafin ka ɗaure noti, caka sukundireba a katakon. In ta nutse, katakon ya ruɓe, kuma duk abin da ka ɗaura a kansa zai sake saki, sai an canja shi. In yana da ƙwari, ka ɗaure a sabon wuri, ba a tsohon ramin da ya riga ya buɗe ba. Kada kuma ka zarce wajen gangara, domin ƙarshen zai yi nisa da bakin rufi ruwa ya riƙa tsallake shi. Idan tsawon ya haura kamar mita 12, gara a yi tudu a tsakiya a sa bututu a kowane ƙarshe.

Na huɗu, mahaɗa

Indararo ba a tsaye cak yake ba. Rana ta buga shi ya miƙe, dare ya yi ya tsuke. Na roba mai tsawon mita 4 zai iya ƙaruwa da kusan milimita 8 in zafi ya ƙaru da digiri 30 a ma'aunin Celsius. Alminiyom na yin kusan kashi ɗaya cikin uku na haka, ƙarfe kuma ƙasa da hakan. Wannan kai da komowa ne ke tsinka liƙi a mahaɗa, da kusurwa, da marfin ƙarshe, da bakin bututu.

Na roba yawanci ba a liƙe shi da gam. A cikin mahaɗarsa akwai zaren roba da ke datse ruwa ya kuma bar shi ya motsa. Ɓalle maƙalan, ka ɗaga, ka wanke tsakuwar da ta shige ƙarƙashin robar. In ta taurare ko ta tsage, sa sabuwa. Wajen mayarwa ka tsaya daidai layin da aka zana a cikin mahaɗar, kada ka tura har ƙurya, domin ɗan filin nan na miƙewa ne. Wanda ya cika wurin da gam mai tauri ya hana shi motsi, kuma wata rana zai tsage.

Na ƙarfe kuwa, kankare tsohon liƙin gaba ɗaya. Sabon gam a kan tsoho ba ya kamawa. Goge da burushin waya, ka share maiƙo da ƙura, ka bari ya bushe sarai. Duba yadda aka ɗora sassan: wanda ruwa ke fitowa daga cikinsa shi ne zai hau kan na gaba, don ruwa ya wuce ta kan haɗin ba ya tunkare shi ba. Sa gam a tsakanin sassan biyu, ka matse da ribit, sannan ka shafe bakin haɗin da kawunan ribit ɗin daga ciki. Liƙin waje ɓata kaya ne, ruwa zai ture shi.

Zaɓen gam ma abin lura ne. Silikon mai wari mai tsami da ke hawa kai yana fitar da asid yayin da yake bushewa, kuma asid ɗin na cin tutiyar da aka lulluɓe kwano da ita. Nemi wanda aka rubuta cewa na rufi da indararo ne, marar asid. Ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa, galibi awa 24, kafin ruwa ya taɓa shi.

Na biyar, huda da tsatsa

Ƙaramar huda ba ta da wuya. Goge tsatsar har farin ƙarfe ya fito, shafa fentin hana tsatsa, in ya bushe ka toshe da gam. Wadda ta kai a zura yatsa sai faci. Yanko ƙarfe ya zarce hudar da kamar santimita 3 ta kowane gefe, ka lanƙwasa shi ya bi siffar kwarin, ka shimfiɗa gam ka danna shi daga ciki, ka lallashe bakinsa don kada ya riƙa tare shara. Facin ya zama irin ƙarfen indararon. In aka haɗa jan ƙarfe da alminiyom ko da kwano mai tutiya, danshi na shiga tsakaninsu ɗaya zai fara cinye ɗaya. Tef mai kwalta yana fitar da mutum kunya a tsakiyar damina, amma na wucin gadi ne.

Idan kana goge huda ɗaya wasu na ɓullowa a gefenta, ka daina wahalar da kanka, ƙarfen ya gama, yanke sashen ka sa sabo. Haka robar da rana ta gasa har take karyewa in an matsa. Tsofaffin gidaje kuma akan samu indararon siminti mai asbestos. Wannan kada ka goge shi ko ka huda shi, ƙurarsa na illata huhu, aikin ƙwararru ne.

Na shida, ruwan da ba ya shiga indararo

Bakin kwanon rufi ya kamata ya leƙa cikin indararo da kamar santimita 5. In bai kai ba, ruwa zai naɗe ta ƙarƙashinsa ya bi katako. Maganinsa a yanko siririn falle na kwano, a cusa gefe ɗaya ƙarƙashin rufin, ɗaya gefen ya sauka cikin indararo. In kuma ya zarce da yawa, ko indararon ya yi ƙasa, ruwa zai tsallake, sai a ɗaga shi. A kusurwar da rufi biyu suka haɗu ruwa na zuwa da gudu, don haka akan kafa ɗan falle a tsaye a bakin gaba ya tare shi. Idan komai daidai ne amma duk ruwa mai ƙarfi sai ya tumbatsa, indararon ya yi wa rufin kaɗan. Ƙarin bututun sauka ya fi sauƙi a kan canja shi duka.

Na siminti da ke ɓoye a bayan katangar rufi ya fi kowanne haɗari, don shi in ya cika cikin ɗaki yake juyewa, sai dai a ga silin ya yi taswira. In ya tsage, fafe tsagar da kurfi ta ɗan buɗe, ka wanke, ka cike da siminti mai maganin hana ruwa, ka gyara gangarar da filasta. Bayan ya bushe a shimfiɗa shimfiɗar kwalta, ta hau jikin bangon gefe biyu, ta kuma shiga bakin bututu, domin a nan yoyon ya fi farawa. Ka sa a huda ƙofar ko-ta-kwana a katangar, sama kaɗan da bakin bututu, yadda in ya toshe ruwan zai zubo waje inda za a gani.

Daga ƙarshe ka sake gwajin tiyo, ka bi duk inda aka sa alli. Ka duba kuma inda bututu ke zubar da ruwan: a kai shi magudana ko tanki, ko a ƙara masa tsawo ya nisanci gindin bango da mita 1.5 zuwa 2. Shara kuwa sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ganye ya gama zuba, in akwai bishiya a kan rufin kuma fiye da haka.