Darasi na shida: harafin gabas a rubutun Japan

To jama'a, yau harafi ɗaya tak za mu koya, kar kowa ya ce kansa ya yi zafi. Ga shi: 東. Ma'anarsa gabas, su Japanawa suna kiransa higashi. Irin wannan rubutun sunansa kanji, daga ƙasar Sin suka aro shi tun ɗaruruwan shekaru, kuma ba kamar boko ko ajami ba ne da za ka haɗa baƙi da wasali ka fitar da sauti, a'a, shi harafin gaba ɗayansa kalma ce, kana ganinsa ka san abin da ake nufi ko da ba ka iya faɗinsa ba. Gwamnatinsu ta ware guda 2,136 na amfanin yau da kullum, amma kar wannan ya tsorata ka, wannan namu na yau ƴan aji biyu na firamare ake koya wa.

Ka ƙura masa ido tukuna kafin ka ɗauki biro. Akwai ƙananan haruffa biyu da suka ɓuya a ciki. Na farko 木, itace ke nan, ga gangar jikinta ga rassa. Na biyu 日, rana, ɗan akwati mai layi a tsakiya. Ɗora ranar a kan itacen, sai ka ga kamar hantsi ne ke leƙowa ta bayan bishiya, ina rana take fitowa? Gabas. Shi ke nan ka riƙe. Masana tsohon rubutu dai sun ce asalinsa hoton buhu ne da aka ɗaure bakinsa sama da ƙasa, daga baya aka aro shi don gabas, amma ni a aji labarin rana da bishiyar nake bayarwa don ya fi zama a kai.

Yanzu rubutu. Ja takwas ne, kuma jerin yana da muhimmanci, in ka fara daga inda ka ga dama harafin zai fito a karkace kamar rumfar da iska ta buga. Fara da layi a kwance can sama, daga hagu zuwa dama. Ƙasa da shi kaɗan sai ka gina akwatin ranar: sauko da bangon hagu, sannan rufi da bangon dama a ja ɗaya ba tare da ka ɗaga biro ba (nan ne yawanci ake kuskure, mutum ya raba shi biyu ya ƙirga tara), sai layin tsakiya, sai na ƙasa ya rufe akwatin. Biyar ke nan. Na shida shi ne dogon, daga can sama ya huda komai ta tsakiya ya sauko har ƙasa. Bakwai da takwas ƙafafu ne, ta hagu tukuna sannan ta dama, su buɗe kamar saiwa.

A kula da wani mai kama da shi, 車, wannan mota ce, su suna kiranta kuruma. Shi ba shi da ƙafafu, layi ne a kwance a ƙasansa. In ka ga ƙafafu biyu a buɗe, gabas ne.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne harafi ɗaya amma karatu biyu. In yana tsaye shi kaɗai, higashi. In ya haɗu da wani harafin, sau da yawa sai ya koma tō, da jan wasali. Kun ma san kalmar tuntuni ba ku sani ba: Tokyo. Ana rubuta ta 東京, wato babban birnin gabas. Da can sunan garin Edo, a 1868 aka sauya masa suna da sarkinsu zai baro Kyoto, tsohon babban birninsu, ya dawo nan, ita kuwa Kyoto tana yamma da shi. Haka ma yankin Tohoku, 東北, inda aka yi babbar girgizar ƙasa da ambaliyar teku a 2011, gabas da arewa ne aka haɗa.

Ina amfaninsa ga wanda ya je can aiki ko karatu ko sarin kayan mota? Tashar jirgin ƙasa. Harafin 口 baki ne, ko ƙofa, to in ka ga 東口 a allo ƙofar gabas ke nan, higashi-guchi. A tasha irin ta Shinjuku da ke Tokyo wannan ba wasa ba ne, in aka ce ku haɗu a ƙofar gabas kai kuma ka fita ta yamma, wallahi sai ka sha yawo da jaka a hannu kafin ka zagayo. Ta yamma 西口 ce, nishi-guchi, ku dai gane fuskarta yanzu, rubutunta sai darasi na gaba. Kuma mai sallah ya lura, mu nan mun saba cewa a fuskanci gabas, amma a Tokyo Makka tana yamma ne da ɗan karkata arewa, saboda haka kar a ga 東 a shimfiɗa darduma.

Wani abin da ya burge ni, in za su lissafa kusurwoyin huɗu cewa suke 東西南北, gabas yamma kudu arewa, daidai yadda bakinmu ya saba jerawa.

Aikin gida: a ja murabba'i goma a littafi, manya-manya, a rubuta 東 a kowanne ana ƙirga ja ɗaya zuwa takwas da baki. A ƙarƙashi a rubuta 東口 sau uku. Wanda nasa ya kai tara ya koma ya duba kusurwar akwatin nan ta dama.